Maganin Rage Ƙiba da Dokar Ƙasa: Ina Mai Saye Ya Tsaya?

Jawabin da aka gabatar a taron hutu na ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan asalin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa



Na tabbata tun da aka ji abin da zan yi magana a kai, akwai waɗanda suka ce a zuci, ina ruwan mutumin Bebeji da maganin rage ƙiba? Ai wannan ciwon 'yan birni ne. Manomin da ya yini a cikin shinkafa a Tudun Wada, ko mai kamun kifi a Tiga, wace teɓa gare shi da zai rage? Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, don binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Jihar Kano kuwa sun fi rabi. Amma wannan bincike dai shi ne ya nuna cewa a cikin matan ƙasar nan masu shekara 15 zuwa 49, kashi 12 ne ramammu, alhali kuwa kashi 28 nauyinsu ya wuce kima. Watau rama da ƙiba suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Wanda kuwa ya fi kusa da shiga sahun masu ƙiba shi ne wanda ya ajiye fartanya ya hau kujerar ofis, ya bar tafiyar ƙasa ya hau babur ko mota, ya musanya fura da lemon kwalba. In kun duba da kyau, wannan siffar mutanen da ke cikin ɗakin nan ce nan da shekara goma.

Bugu da ƙari, a ƙasarmu kasuwar gyaran jiki fuska biyu gare ta. Akwai masu neman ƙiba, yawancinsu 'yan mata da amare, waɗanda ake sayar wa ƙwayoyin da aka laƙaba wa suna sha-ka-fashe. Akwai kuma masu neman rage tumbi da teɓa, waɗanda ake sayar wa shayi da kafso da garin magani. Sau da yawa mai talla ɗaya ne yake riƙe da duka biyun, ko a bayan mota mai lasifika ran kasuwa, ko a cikin wayar da ke aljihun kowannenku. Abin da nake so mu duba yau shi ne: wace kariya doka ta tanadar wa wanda ya miƙa kuɗinsa ya karɓi wannan kaya, ina wannan kariya ta tsaya, kuma wa zai ɗauke ta daga inda ta tsaya ya ƙarasa da ita ƙauyukanmu?

Lissafin da mai talla ba ya so a yi

Bari mu fara da lissafi, tun da 'yan makaranta ne ke saurare. Likitoci suna auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau tsawonsa. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 80, sai a raba 80 da 2.89, a sami 27.7. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce wadda take jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Saboda haka wanda yake son ya rage jiki yana da hujja, bai kamata a yi masa dariya ba.

To, amma kilo guda na kitsen jikin mutum yana ɗauke da ƙarfin abinci wajen kalori 7,700, baligi kuwa yana ƙona kamar 2,000 zuwa 2,500 a yini. Wanda ya yi maka alkawarin za ka zubar da kilo biyar a mako guda, yana nufin jikinka zai ƙone kalori 38,500 cikin kwana bakwai, alhali ko da ba ka sa komai a bakinka ba tsawon makon nan, abin da za ka ƙona bai wuce 17,500 ba. In sikeli ya nuna ka ragu haka, ruwan jikinka ne ya fita. Ga yadda abin yake faruwa: da yawa daga cikin shayin rage tumbi akwai ganyen filasko ko danginsa a ciki, wanda iyayenmu suka sani da wanke ciki, wasu kuma akwai maganin sa fitsari. Mutum ya yi ta zawo da fitsari, ciki ya lafe, ya ce magani ya ci. Da ya sha ruwa kwana biyu nauyin ya dawo. In ya dawwama a kan haka, gishirin jikinsa da bugun zuciya ya dogara a kai sai ya ragu, ƙoda kuma ta galabaita.

Sha-ka-fashe ma irin wannan ruɗi ne ta ɗaya fuskar. Yawanci maganin da ake kira deksametazon ne, a haɗa shi da wani maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki. Deksametazon magani ne mai daraja a hannun likita, amma in an daɗe ana shansa sai ya tara ruwa a jiki, fuska ta kumbura, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa yaƙi da cuta. Abin da ake gani kamar ƙiba, kumburi ne. Ku riƙe wannan kuma, don yana iya ceton rai: wadda ta daɗe tana shansa kada ta yanke shi rana ɗaya, sai ta je asibiti a riƙa rage mata a hankali, don yankewa farat ɗaya tana iya kisa.

Abin da ya sami waɗansu

Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. In kun bi tarihin maganin rage ƙiba a duniya, za ku tarar kusan kowace doka da aka kafa a kansa, sai da aka yi jana'iza tukuna.

A 1933 waɗansu masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ba da labarin wani sinadari da ake kira DNP, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ake amfani da shi a masana'antun albarushi a Faransa. Yana rage ƙiba da gaske, don yana sa jiki ya mai da abinci zafi maimakon ƙarfi. Mutane dubbai suka yi ta sha. Waɗansu yana ta rufe musu ido, waɗansu zafin jiki ya yi ta hawa har suka mutu, don ba shi da makari. Sai a 1938, da aka kafa sabuwar dokar abinci da magunguna a can, aka hana shi. Duk da haka a zamanin intanet ya sake ɓullowa, ya kashe matasa a Ingila, cikinsu har da ɗaliban jami'a.

Tsakanin 1990 da 1992, a wani asibitin rage ƙiba a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, aka riƙa ba mata wani haɗin da ke da saiwoyin ƙasar Sin. Wajen shigo da kayan aka musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna, daga dangin tsiron da mu muke kira duman dutse ko madacin ƙasa. Mata fiye da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, waɗansu kuma daga baya ciwon daji ya kama su a mafitsara da hanyar fitsari. Duk wanda ya ce muku magani ba ya cutarwa tun da ganye ne ko saiwa, ku ba shi wannan labari.

A 1997 aka janye fenfuluramin daga kasuwar Amurka da ta sauran ƙasashe, bayan an gano yana lalata ƙofofin zuciya. Amma wani ɗan'uwansa mai suna Mediator ya ci gaba da zama a kasuwar Faransa, inda ya shiga tun 1976 da sunan maganin masu ciwon sukari, likitoci kuwa suna rubuta shi don kashe sha'awar abinci. Sai a 2009 aka janye shi, bayan wata likitar huhu a garin Brest, Irène Frachon, ta nace da tattara bayanan majinyatanta. Ƙiyasin da ya fi sauƙi ya ce mutum 500 ya kashe. A 2021 kotu a Paris ta kama kamfanin Servier da laifi, ta kuma ci tarar hukumar magunguna ta ƙasar saboda sakaci. Ina so ƙannena ma'aikata su lura da wannan: Faransa tana da hukuma mai kuɗi da ƙwararru, amma wadda ta tsai da ɓarnar ma'aikaciya ɗaya ce a wani gari nesa da babban birni, wadda ta rubuta abin da ta gani, ta ƙi yin shiru.

Na ƙarshe shi ne sibutiramin, wanda aka janye a Turai da Amurka a 2010, bayan gwajin da aka yi a kan mutum wajen 10,000 ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 16 cikin ɗari. Da aka kore shi ta ƙofa sai ya dawo ta taga. Wani nazari da aka buga a 2018 ya duba kayayyakin ƙarin lafiya 776 waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta kama da ɓoyayyen magani tsakanin 2007 da 2016. Guda 317 na rage ƙiba ne, kusan kashi 85 cikin ɗari nasu kuwa sibutiramin aka ɓoye a ciki, takardar jikinsu tana cewa tsantsar ganye ne. Mai hawan jini da ya sayi irin wannan shayi yana shan abin da likita ba zai taɓa ba shi ba, bai kuwa sani ba.

Kada a ɗauka ina cewa babu maganin ƙiba na gaskiya. Akwai allurar semagulutayid, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic don ciwon sukari, da sunan Wegovy don ƙiba tun 2021. A gwaji ta rage wa mutane wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu cikin mako 68, ko da yake waɗanda suka daina, yawancin nauyin ya dawo musu cikin shekara. Likita ne yake rubuta ta, yana kuma bibiyar mai shan ta. Saboda tsadarta da yawan masu nema, jabunta ta cika duniya: a 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi allurar jabu wadda insulin ne a cikinta, a watan Yuni na 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun da aka samu a Birazil da Ingila da Amurka.

Dokokin da muke da su

Yanzu mu dawo gida. Mutane da yawa suna zaton Nijeriya ba ta da doka a kan wannan al'amari. Akwai, har ta girmi yawancin waɗanda ke zaune a nan.

Ta farko ita ce Dokar Abinci da Magunguna, dokar soja mai lamba 35 ta 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, watau shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Tiga. Wannan doka ta hana a tallata wa jama'a wani abinci ko magani da sunan yana warkarwa ko yana rigakafin waɗansu cututtuka da ta jera a ƙarshenta. Cikin jerin akwai ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon daji, da ciwon ƙoda, da rashin ƙarfin maza, akwai kuma ƙiba. Ku sake saurara: ƙiba tana cikin jerin. Hikimar abin ita ce, waɗannan cututtuka ne da mutum ba ya iya auna kansa ya yi wa kansa magani, sai an duba shi. Dokar ta kuma hana yi wa magani laƙabi ko talla ta hanyar da za ta ruɗi mai saye game da abin da ke cikinsa ko amfaninsa ko amincinsa.

Ta biyu ita ce dokar da ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, mai lamba 15 ta 1993. Ita ma bayan jana'iza ta zo, don a 1990 yara 109 suka mutu a Ibadan da Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da guba. A wannan shekara ta 1993 aka yi doka mai lamba 19, wadda ta ce ba a yin magani ko sarrafaffen abinci, ba a shigo da shi, ba a tallarsa, ba a sayar da shi, sai an yi masa rajista.

Ta uku ita ce dokar jabun magunguna, mai lamba 25 ta 1999. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyu, ga mai yi ko mai sayar da jabu. Ta kuma hana tallar magani a kasuwa, ko a tasha, ko a bakin hanya, ko a cikin motar haya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora, ko ya shiga motar Kano zuwa Doguwa, ya san matsayin wannan sashe a aikace. Sa'an nan ku auna tarar da kanku: abin da naira 500,000 take saye a 1999 da abin da take saye yau ba ɗaya ba ne, ga babban dillali kuwa ta zama kamar kuɗin shiga kasuwa.

Ta huɗu ita ce dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Ta ba mai saye haƙƙin samun kaya marar cutarwa da bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta hana talla ta yaudara, ta kuma ɗora alhakin cutar da gurɓataccen kaya ya jawo a kan wanda ya samar da shi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. A 2022 kuma aka sabunta dokar hukumar masu harhaɗa magunguna, wadda ke ba 'yan kemis lasin, aka kuma kafa hukumar ARCON mai tace tallace-tallace, har da na intanet.

Me lambar NAFDAC take nufi?

A nan ne ake yi wa masu ilmi ma sakiyar da ba ruwa. Mai talla ya ɗaga kwalba ya ce, ga lambar NAFDAC, sai kowa ya saki jiki. Lalle kayan da ba shi da lamba ba abin kusanta ba ne. Amma lambar iri biyu ce. Akwai cikakkiyar rajista ta shekara biyar. Akwai kuma izinin wucin gadi na shekara biyu da ake ba yawancin magungunan gargajiya, wanda lambarsa take ƙarewa da harafin L. Ma'anar wannan izini ita ce, an gwada samfurin da mai kayan ya kawo, ba a ga alamar guba a cikinsa ba. Hukumar ba ta shaida cewa yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa ba, shi ya sa take tilasta a rubuta a jikin kwalbar cewa ba ta tantance da'awar da aka yi ba. Da Turanci ake rubutawa, da ƙananan haruffa, mai lasifika kuwa ba ya fassara wannan layi.

Har ila yau, lamba tana shaidar samfurin da aka kai ɗakin gwaji ne kawai. Abin da aka ɗura a kwalba bayan shekara guda yana iya bambanta. Izinin yana iya ƙarewa a ci gaba da buga lambar, ana kuma iya kwafar lambar wani kaya a manna wa wani. Don haka ne hukumar ta buɗe kundin kayayyakin da ta yi wa rajista a intanet, mai suna Greenbook, inda mutum zai duba ko suna da lamba da kamfani sun dace. Tana kuma da manhajar waya mai suna Med Safety ta kai rahoton illar magani. Kakarka a Riruwai ba za ta iya wannan ba, kai kuwa minti biyu ya ishe ka.

Inda dokar take tsayawa

To, in dokoki sun kai haka yawa, me ya sa mai tallar maganin tumbi yake kafa lasifikarsa da rana tsaka ba mai ce masa kanzil? A cikin ƙasar Bebeji, a Bagauda, akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, inda ake koyar da dokokin ƙasa, amma ba sai ka yi nisa daga ƙofarta ba za ka ga ana karya waɗannan da na lissafa.

Dalili na farko yana cikin Tsarin Mulki na 1999. Ya sa magunguna da guba cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai take yi wa doka. Saboda haka hukumomin da ke da haƙƙin kamawa da gwaji na tarayya ne, ofisoshinsu na jiha suna cikin birnin Kano, jihar kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta. Sun nuna suna iya aiki in sun tashi: a watan Fabrairu na 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, an rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewayenta, don a tilasta wa dillalai komawa sabuwar cibiyar sarin magunguna ta Ɗangwauro a kan hanyar Zariya. Wannan gyara ne a tushe, yana kuma da amfani, don daga wurin waɗannan dillalai 'yan kemis ɗinmu suke saro kaya. Amma mai yawo da jaka daga kasuwa zuwa kasuwa, da mai sayarwa ta Facebook da TikTok da WhatsApp a aiko maka ta hannun direba, ba su da shagon da za a garƙame.

Dalili na biyu shi ne kunya. Wanda aka sayar wa jabun taki zai tara mutane ya yi kuka. Amma matar da ta sha maganin rage teɓa a ɓoye don kishiya, ko budurwar da ta sha sha-ka-fashe saboda biki ya matso, in ciwo ya kama ta ba za ta faɗi abin da ta sha ba, ko a gaban likita. Sai a ce jifa ne, ko iska, ko ajali. Hukuma kuwa ba ta janye magani sai rahoto ya taru a gabanta. Shirun da muke yi shi ne jarin mai talla.

Aikin da ya rage namu

Tsarin Mulkin nan da ya ba tarayya magunguna, shi ne kuma a jadawalinsa na huɗu ya ba ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da lura da shaguna da tallace-tallacen waje. Watau maganin na Abuja ne, amma filin da ake baje shi na Bebeji ne da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Mai karɓar kuɗin kasuwa da ke yanka wa mai lasifika rasit, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Ƙanena da ke sashen lafiya ko sashen kuɗi a sakatariya, ba ka bukatar sabuwar doka kafin ka rubuta wa shugabanka takarda cewa kada a ba mai tallar magani wuri a kasuwa, a kuma sanar da sarkin kasuwa da shugabannin tasha dalili. Takarda ce ta shafi guda, ka ajiye kwafinta a fayil.

Waɗanda ke aiki a asibiti da ɗakunan shan magani, in mai jinya ya zo da kumburin fuska, ko zawon da ya ƙi tsayawa, ko faɗuwar gaba, ku tambaye shi a keɓe, cikin mutunci, abin da yake sha wanda ba likita ya ba shi ba. Ku karɓi kwalbar, ku rubuta suna da lamba, ku aika rahoto. Rahoto ɗaya ba ya rufe masana'anta, amma da ɗaya-ɗaya likitar nan ta Brest ta tara nata.

Masu karatun lauya, ku nemi dokar 1974 ku karanta jerin cututtukan nan da idonku, ku juya shi zuwa Hausa, ku kai wa limamai da masu unguwanni da shugabannin makarantun Islamiyya na mata. Masu karatun aikin jarida, in kun sami aiki a gidan rediyo, ku tambayi mai kawo tallar magani takardar izinin tallar kafin ku karɓi kuɗinsa, don mutumin ƙauye yana ɗaukar abin da rediyo ya faɗa tamkar hukuma ce ta faɗa. 'Yan'uwanmu 'yan kemis kuwa, waɗanda a ƙauyuka da yawa su ne asibitin farko, mu tuna musu da girmamawa cewa lasin ɗinsu bai haɗa da magungunan da sai da takardar likita ba, deksametazon kuwa yana cikinsu.

Ga kowa da kowa, ga tambayoyi huɗu da za ku koya wa mutanen gidanku kafin su saya. Wa ya yi shi, ina kuma adireshinsa? Me aka rubuta yana ciki? Lambarsa tana cikin kundin hukuma, wace iri ce kuma? Alkawarin da ya yi, lissafi ya yarda da shi? In an kasa amsa ɗaya daga ciki, kuɗinka ya zauna a aljihunka. Wanda kuma ƙiba ta dame shi da gaske, ya je a auna jininsa da sukarinsa, ya rage lemon kwalba da soye-soye da yawan tuwon dare, ya riƙa tafiyar ƙasa ta rabin awa a yawancin kwanakin mako. Rabin kilo zuwa kilo guda a mako shi ne ragin da jiki yake ɗauka lafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na ƙarshe ya shafi bakinmu, mu maza musamman. 'Yar'uwarmu ba ta tashi haka kawai ta haɗiyi abin da ba ta sani ba. Wani ne ya ce mata ta cika rama, ko ya ce ta cika jiki, a zaure ko a ɗaki ko a waya. Babu wata hukuma a Abuja da za ta iya yi wa wannan doka, sai mu.

Malam Shugaba, iyayenmu sun sayar da gyaɗa da shinkafa da awaki sun sa mu a makaranta don mu karanta musu abin da ba su iya karantawa. Rubutun da ke jikin kwalbar magani yana cikin abin da suka biya mu karanta. Mutanen Burasel da na Faransa sun sayi wannan ilmi da ƙodarsu da zuciyarsu, mu kuwa ya iso mana kyauta. Ina roƙon wannan ƙungiya, kafin hutun nan ya ƙare, ta naɗa mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan, su kai wa shugabanninsu takarda a kan tallar magani a kasuwanni da tashoshi, su kuma kawo mana amsar da aka ba su a taro mai zuwa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.